Filon da Hajiyarsa Ta Aiko

Ku matso kusa, 'yan'uwa, yau ba hirar dariya na zo muku da ita ba. Abin da ya same ni a satin nan, da wata ce ta ba ni labari sai in ce ta ƙara gishiri. Filo ne fa, wannan dai da ake ɗora kai a yi barci, shi ke neman raba ni da mutumin da nake so.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, ina koyar da ƙananan yara a wata makaranta da ke bayan layinmu, kuma an sa ranar aurena da wani bawan Allah mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. A wayata Sarkin Tambaya na rubuta masa, domin mutumin nan bai iya aiko saƙo babu tambaya a ciki ba. "Kin tashi lafiya? Kin karya? Da me kika karya?" Ranar da ya ce yana so na ma da tambaya ya faɗa, wai "Zai dame ki idan na ce ina son ki?" Ina tsokanarsa da cewa ɗan sanda ya kamata ya zama, amma ku ji gaskiya, duk ranar da tambayoyin nan suka yi jinkirin shigowa ba na gane kan komai.

Mahaifinsa ya rasu da daɗewa, ciwon ƙirji ne ya yi ajalinsa bayan doguwar jinya, kuma mahaifiyarsa, Hajiya, ita ce ta yi jinyar ita kaɗai. Ranar da ta fara zuwa gidanmu ta zauna a bakin kujera, jakarta a kan cinya, ta ƙare min kallo sannan ta juya wajen Mama.

"Ni ba kyau nake nema wa ɗana ba, ba kuma dukiya ba," ta ce. "Lafiya kawai. Na ga abin da jinya take yi wa gida, ba na so ya ga irin abin da na gani."

Kafin in ɗago kai Mama ta cafe. "Ai Auta ko ciwon kai ba ta yi, Hajiya. Ƙarfe ce."

Na san ba haka ba ne, amma ban gyara mata ba. Ina ƙarama na sha fama da asma, irin wadda ake ɗaukata a guje zuwa asibiti. Sai dai tun da na shiga sakandare ta lafa, har na manta kamannin abin shaƙar da ake fesa min a baki. A raina na ce ai Mama ba ƙarya ta yi sosai ba, abin da ya tafi ya tafi.

Sai ga kyauta ta iso. Wata yamma Sarkin Tambaya ya shigo rungume da manyan filo guda biyu a cikin leda, baki har kunne. Irin na soson nan ne masu nauyi, waɗanda in ka danna da tafin hannu shatin yatsunka yake zama, sai a hankali ya ciko. Rigunansu ruwan zuma ne, an yi musu ado da zare mai sheƙi a gefe. Hajiya ce ta zaɓa da kanta, ya ce, wai in fara kwana a kai tun yanzu wuyana ya saba. Kuma ranar Asabar za ta zo da zanin gadon da ya dace da su, tana so ta shimfiɗa min da hannunta.

Mama ta yi ta shafa su tana sa albarka kamar jarirai aka kawo mata. Ni kuwa ina yage ledar wani wari ya daki hancina, irin na sabon fenti haɗe da gam ɗin takalmi. Na ce sabunta ce, zai fita. Na kwana a kai, na tashi da safe ƙirjina kamar an ɗora min turmi, ga wani busasshen tari da ya ƙi tsayawa.

"Mama, filon nan wari yake yi," na ce ina ɗaura ɗankwali. "Shi ya sa ni tari."

"Wari? Kayan tsada ne kike ce wa wari? Tafi aikinki, ki bar min su, na san maganinsu."

Da na san maganin da take nufi, da ban fita ba. Mama dai a duniyarta babu warin da turare ba ya kashewa. Ina fita ta ɗauko kwalbar turarenta mai ƙarfi, wadda ba ta taɓawa sai za ta taro, ta feshe filon nan ciki da bai. Ta ga bai ishe ta ba, ta ƙara da na feshin falo. Sannan ta mayar da su cikin leda ta ƙulle, wai don ƙamshin ya kama sosai, sai dab da dawowata ta fito da su ta jera min a gado, ta rufe taga kada ya fice.

Na dawo a gajiye, yara sun gama cinye min kai. Na ji ƙamshi ya cika ɗakin, har na ji daɗi a raina cewa Mama ta yi min ƙoƙari. Ko mayafi ban cire ba na faɗa gado na tusa fuskata a filo.

Ban san tsawon barcin da na yi ba. Na dai farka ina jan iska tana ƙin shiga, kamar ana matse min maƙogwaro da igiya. Na ji wannan siririn fito yana fita daga ƙirjina, sautin da na ɗauka na bar shi a yarinta. Na so in kira Mama, murya ta ƙi fita. Da rarrafe na kai bakin ƙofa na riƙa dukanta da tafin hannu. Allah ya sa Yaya, babbar yayata da ke aure kusa da mu, ta shigo gaishe da Mama. Ita ta buɗe ƙofar, kallo ɗaya ta yi min ta jefar da jakarta ta cicciɓe ni.

A asibiti aka ɗaura min abin tururi a hanci da baki. Ina kwance ina kallon silin, tsoro ya cika ni, kuma ku yarda da ni, ba tsoron mutuwa ne kaɗai ba. Fuskar Hajiya nake gani tana cewa lafiya kawai take nema.

Likitar mace ce, mai magana a hankali. Da numfashina ya daidaita ta ja kujera ta tambayi abin da ya canza a ɗakina kwanan nan. Yaya ta zayyana mata komai, har da turaren, Mama na gefe ta yi tsuru-tsuru.

"Asma ba ta cika tafiya gaba ɗaya ba," likitar ta ce, "lafawa take yi har ta samu abin da zai tashe ta. Wasu sababbin filon soso suna fitar da warin sinadaran da aka haɗa su da shi. Mutane da yawa ba ya damunsu, amma mai ƙirji irin naki hancinta a kai yake kwana. Ga turare kuma an ƙara." Ta ce in nemi na auduga zalla, marar ƙamshi, mai rigar da ake cirewa a wanke da ruwan zafi. A naɗe kafet ɗin ɗakin, a riƙa buɗe taga, turare kuma in yi sallama da shi tukuna. Ta rubuta min abin shaƙa, ta ce kada ya yi nisa da hannuna.

Wayata tana hannun Mama, sai haske take yi. Ta miƙo min. Saƙonni ne a jere: "Me ya sa ba ki ɗauka ba? Lafiya dai? Kina ina? In zo?"

"Ki ce masa mura ce," Mama ta ce ƙasa-ƙasa.

"Mama, a gadon asibiti fa nake."

"Na ce mura ce. In an ɗaura kin tare, ko ta tashi sai a ce a can ta same ki."

Yaya ta buɗe baki, Mama ta ɗaga mata hannu. Idanun Mama sun kaɗa sun yi ja. "Ina ganin yadda yarinyar nan take komawa idan ya kira ta. Ni na jawo mata wannan da hannuna, ba kuma zan zauna in ga an raba ta da shi a kan tari ba."

Kada ku zagi Mamata, don Allah. So ne ya yi mata yawa har ya rufe mata ido. Ni ma ɗin ba gwaninta na yi ba, domin da yatsuna na rubuta masa: "Mura ce kawai, na sha magani." Ya amsa nan take: "Kin rufe ƙirjinki? Kina da zuma a gida? In kawo?" Na kife wayar na juya fuskata bango.

Washegari da aka sallame ni, ni da Yaya muka shiga kasuwa neman filo. Da kun gan mu da kun yi dariya, ni dai a lokacin ba ta dariya nake ba. Shago-shago muke bi, Yaya ta fara sansanawa, in ta ga bai buge ta ba sai ta miƙo min in sansana daga nesa, hannuna ɗaya a cikin jaka riƙe da abin shaƙa. Wani mai shago ya ce, "Hajiya, filo kuke saye ko kankana?" Kowa ka tambaya nasa ne mai kyau. Wannan ya ce na gashin tsuntsu ne, na ja da baya. Wancan ya rantse auduga ce, Yaya ta ce ya zuge mu gani, sai ga wani farin zare mai sheƙi kamar na cikin 'yar tsana. Wani kuma har alfahari yake yi wai nasa da ƙamshinsa yake zuwa daga kamfani, muka yi gaba.

Sai da muka gaji liƙis muka samu wani ɗan shago a lungu. Matar da ke shagon ba ta cika mu da surutu ba, ta zuge wani filo ta tura min. Audugar ba fara tas ba ce, ruwan madara ce, har da 'yan ɗigo-ɗigon ɓawo a ciki. 'Yar takardar da ke jiki ta ce an noma ta ba tare da feshin magani ba, ba a kuma sa mata rini ko ƙamshi ba. Ni dai ban ga gonar ba, hancina na tambaya. Na sansana daga nesa, na matso, na tusa fuskata na ja iska har ƙasan ƙirji, na jira. Ba abin da na ji sai irin ƙamshin wanki da ya sha rana. Saura kaɗan in yi kuka a gaban mutane. Muka sayi guda biyu.

Dabarar da ta biyo baya ta Yaya ce. Muka cire rigunan filon Hajiya, muka yi ta wanke su da ruwan zafi har turaren Mama ya saki, muka shanya. Da suka bushe muka zura na audugar a ciki. Matsalar ita ce sababbin ba su kai na Hajiya girma ba, rigunan suka yi musu yawa kamar yaro ya sa rigar babansa. Yaya ta ninke gefen ta ciki ta ɗinke da allura, ta ja baya ta karkata kai.

"Wa zai gane? Sai dai mai duba."

Na soson muka ƙulle su a leda muka kai sito bayan kicin. Aka naɗe kafet, aka buɗe taga. Na yi barci irin wanda na manta ana yi, na tashi ƙirjina sakayau. Amma ina buɗe ido na tuna Asabar tana tafe, sai daɗin ya gudu.

Ranar Asabar na sa doguwar riga ruwan toka mai ƙananan furanni, na yafa farin mayafi, na shafa hoda sama-sama don in ɓoye ramar idona. Hannuna ya kai kan kwalbar turare don sabo, na janye. Abin shaƙar na tura shi can ƙasan durowa a ƙarƙashin kaya. Mama ta leƙo ta ce, "Ko tari ya zo miki ki haɗiye shi."

Hajiya ta iso bayan azahar, cikin shiga ruwan ƙasa, da gilashinta mai igiya a wuya. Na durƙusa na gaishe ta, ta dafa kaina. Aka kawo lemo da ruwa, aka taɓa hira, sannan ta buɗe jaka ta fito da zanin gado a ninke.

"Mu je ɗakin, 'yata, in ga ko launin ya hau."

Ina gaba, tana biye, Mama da Yaya a baya. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗan jima ba ta shiga ba, tana kallon simintin da kafet ya bari da tagar da ke buɗe. Sai ta taka zuwa gado, ta ajiye zanin, ta sa hannu biyu za ta ɗauke filon don ta shimfiɗa.

Da ƙarfin ɗaukar abu mai nauyi ta ɗaga shi, sai ya taso mata sakwat. Ta tsaya. Ta mayar da shi ta danna da tafin hannu, ta ɗauke hannun tana jiran ganin shatin yatsunta, bai fito ba. Ta laluba gefe, ta ci karo da ɗinkin Yaya, ta zuge. Auduga ta leƙo.

"Ai Hajiya, waɗancan adana su muka yi," Mama ta fara, tana dariyar dole. "Kin san yaran yanzu da ɓarna, na ce a bar su sai ta tare, kada su yi..."

Hajiya ba ta ko kalle ta ba. Ni take kallo, kuma ba fuskata ba, ƙirjina, yadda yake hawa da sauka a ƙarƙashin mayafi.

"An ɗauke kafet," ta ce a hankali. "Taga a buɗe. Budurwa ta yi kwalliya ba ta sa turare ba. Filo na auduga." Ta cire gilashinta ta bar shi yana lilo a wuyanta. "Na san irin ɗakin nan. Shekara da shekaru na yi a cikinsa."

Mama tana min ido, tana girgiza kai kaɗan-kaɗan. Na san abin da take so in ce. Na kuma san in na faɗi wannan ƙaryar, sai na ci gaba da faɗinta duk ranar da ƙirjina ya yi fito a gidan ɗanta, in riƙa ɓoye abin shaƙa a ƙasan kaya kamar kayan sata.

"Asma ce, Hajiya," na ce. "Tun ina ƙarama. Ta daɗe ba ta tashi ba, na ɗauka ta rabu da ni. Satin nan ta dawo."

"Filon da na aiko ne?"

"Da shi da turare."

"Ya sani?"

"Bai sani ba. Mura na ce masa."

Na jira faɗa, ko ta juya kan Mama ta tuna mata maganar ƙarfe. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tura audugar ciki ta zuge, ta ɗaga filon ta bubbuge shi ta gefe da gefe, ta juya shi ta sake bubbugawa, da sauri irin na hannun da ya daɗe yana yi. Nan take ya tashi ya cika rigarsa fiye da yadda ni da Yaya muka iya. Ta ajiye shi daidai inda kaina yake kwanciya, ta shafe shi.

"Auduga danƙarewa take yi," ta ce. "Ki riƙa kai shi rana, ki bubbuga. Kada ki bari ya yi sanyi."

Har na fara sakin ajiyar zuciya. Sai na ga ta ɗauki zanin gadon, wanda ko warware shi ba ta yi ba, ta mayar cikin jakarta ta ja zif. Ta yi wa Mama sallama a taƙaice ta fita. Yaya ce ta raka ta.

Mama ta zauna a bakin gadona ta rufe fuska da mayafi. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Abin da ta ce kawai shi ne, "Da kin bari na ƙarasa maganata."

Tun daga lokacin nake riƙe da waya. La'asar ta wuce babu saƙo. Mutumin da ba ya iya awa guda bai tambaye ni ko na sha ruwa ba, shiru. Na rubuta masa bayani mai tsawo na goge, na sake rubutawa na sake gogewa. Na kasa gane Hajiya. Wadda za ta raba aure ce take gyara wa yarinya filo? Wadda ta amince ce take mayar da zanin gado jaka? Na yi ta juya abin har kaina ya fara ciwo.

Rana ta kusa faɗuwa wayar ta yi haske. Sarkin Tambaya. Na buɗe, ina jiran tambayoyi su zubo min, me ya sa, tun yaushe, don me kika ɓoye. Da na samu ko ɗaya da na san har yanzu shi ne.

"Ina ƙofar gidanku."

Shi ke nan. Tun da na san shi, wannan ne saƙon farko da ya aiko min babu tambaya a ciki.

Na miƙe na gyara mayafina. Har na kai bakin ƙofa na dawo, na jawo durowa, na tono abin shaƙar daga ƙasan kaya. Mama ta ɗago da jajayen idanu.

"Auta, ki sa shi a jaka mana."

Na kalli jakar a rataye a jikin ƙusa, na bar ta a nan. A tafin hannuna na riƙe shi, a fili, inda zai fara gani kafin ya ga fuskata, na nufi ƙofar gida.